Lamba Talatin da Ɗaya, Titin Holroyd

Lahadi, 12 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Wannan littafin na rubuta magungunan mahaifina ne, Abba ji, na safe da na rana da na yamma. Na juyo shi ta baya saboda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Neculai bai tashi ba yau da safe.

Mijin Rodica ne, matar da ke kula mana da Abba ji idan na tafi aiki. Suna haya a lamba talatin da ɗaya, gidan da bayansa ke kallon bayan namu, ɗaya daga cikin gidaje shida na yayana, Paa ji Zulfiqar. Su goma sha ɗaya ne a ciki, duk 'yan Romaniya. Motocin asibiti uku suka zo. An fito da mutum biyar, huɗu a zaune da roba a hanci, ɗaya a rufe. 'Yarsu Ilinca tana cikin huɗun. Shekararta tara.

Rodica ba ta kwana can ba. Ni na roƙe ta jiya ta kwana a nan saboda zazzaɓin Abba ji, ni kuma bayana ba ya barina in ɗaga shi. Ta ce, "Baji, Ilinca tana ciwon kai." Ni na koya mata ta riƙa ce min Baji, yadda ƙanne ke kiran yayarsu a wajenmu. Na ce ai babanta yana nan. Haka na ce mata.

Da aka buga mana ƙofa ƙarfe takwas saura, da silifas ɗina ta fita cikin dusar ƙanƙara. Ban bi ta ba. Na tsaya a kicin, bakin taga. Kowa yana ƙofar gaba wajen motocin. Lungun baya ba kowa.

Kusan ba kowa.

Abba ji ya ci rabin roti, gurasarmu ta gida.

Litinin, 13 ga Janairu, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na je aiki. Na zuba wa yaran makaranta dankali da wake. Mu shida ne a kicin ɗin, huɗu irina 'yan asalin Mirpur, garin iyayenmu, biyu Turawa. Kafin a gama wanke faranti kowa ya san abin da ya faru, har ya fi waɗanda abin ya shafa sani.

"Gawayi suka kunna a cikin gida," in ji ɗaya. "An ga murhun a ƙarƙashin matakala."

"Su goma sha ɗaya! Ko kaji ai an fi ba su fili."

"Allah sarki Zulfiqar. Ya rufa wa mutane asiri, ga abin da ya samu."

Sai suka tuna ƙanwarsa ce ni, suka zo suna dafa min kafaɗa. Ni ake yi wa jaje.

Da na dawo, Bhabi Shamshad, matar Paa ji, ta kira ni. Ba ta tambayi yarinyar ba. Ta ce, "Tazeem, wata ɗaya ya rage bikin 'yarmu Mehwish. Kin san dangin angon nan, likitoci ne tun daga kaka. Idan wani ya zo da tambaya kada ki tsaya surutun nan naki. Ke dai ba ki san komai ba."

Na ce, "Me zan sani, Bhabi?"

Ta ce, "Yauwa."

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na shiga rumfar baya neman shebur. Murhun gawayinmu na babbar Sallah, mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, ba ya nan. Wataƙila wani ya ara.

Alhamis, 16 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Rodica ta dawo aiki. Na ce ta je ta huta, ta ce ba hutu ta zo nema ba.

An rufe gidansu. Tana kwana a ƙasa a ɗakin wata 'yar cocinsu. Gawar Neculai tana hannun hukuma sai an gama bincike. Ilinca ta warware, an sallame ta daga asibiti jiya, amma ba a ba uwarta ita ba. Ma'aikatan kula da yara sun kai ta gidan wasu mutane can ƙarshen gari. Sun ce sai an tabbatar ko iyayen ne suka kunna gawayi kusa da inda yarinya ke barci, sannan uwar ta nuna tana da aiki da wurin kwana.

"Shi ya sa na zo," ta ce. "Ina da aiki. Ko babu, Baji?"

Na ce akwai.

Ta wanke wa Abba ji ƙafafu, ta shafa masa mai, ta juya shi ɗaya gefen ba tare da ya ce wash ba. Shekara goma sha huɗu ta yi tana aikin jinya a garinsu, Vaslui. A nan takardunta ba sa aiki sai ta ci jarrabawar Turanci, kuma yaushe za ta yi karatun? Neculai injinan noma yake gyarawa a can. A nan mota yake wankewa a wurin ɗan baffanmu, hannayensa kullum a tsattsage saboda ruwan sanyi.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura ɗankwali baƙi.

"Mu ba mu da murhu, Baji. Ina za mu ajiye shi? Takalmanmu ma a kan taga suke kwana." Ta dube ni. "Na faɗa wa masu bincike batun hitar ɗumama gidan. Na faɗa musu ke kika rubuta wa yayanki. Za su zo wajenki."

Na ce to. Na tambaye ta ko ta ci abinci.

Juma'a, 17 ga Janairu, ƙarfe uku na yamma

Paa ji ya biyo daga masallaci. Ya sumbaci hannun Abba ji, ya gyara masa bargo, ya biyo ni kicin. Ya rame cikin kwana biyar. Wannan ba ƙarya ba ce, da idona na gani.

"Ban runtsa ba tun Lahadi," ya ce. "Mutumin nan na san shi. Ranar da motata ta mutu a hanyar Bradford, shi ya zo cikin ruwan sama ya tayar min da ita."

Na zuba masa shayi. Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Shekara ashirin ina tuƙa tasi, Tazeem. Bugaggu suna amai a kujerar baya, suna kirana sunayen da kika sani. Ba wanda ya ba ni bulo ɗaya kyauta. Yanzu da yaranmu suka fara ɗaga kai a garin nan, sai wannan."

Na ce Allah ya kyauta.

Ya kalli rufin kicin, inda ya sa aka gyara mana yoyo bara. "Ranar da mijinki ya sake ki, wa ya je ya ɗauko ki?"

"Kai ne, Paa ji."

"Gidan nan da kuke ciki ke da Abba ji, da sunan wa yake?"

"Naka."

"Ba gori nake ba. Tunawa kawai." A hankali ya faɗa, har da murmushi. Sai ya ɗauki wayata daga kan tebur, ya juya ta. "Wannan tsohuwar ba ta cika ba? Ni kullum share tsofaffin saƙonni nake, waya ta fi sauri."

Na karɓe ta na ce zan duba lokacin maganin Abba ji. Na sa ta a aljihun rigar sanyi.

Asabar, 18 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Na wanke labulen kicin. Ban mayar da shi ba, ban kuma kalli tagar ba.

Litinin, 20 ga Janairu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau kwana tara da rasuwar Neculai. A wajensu ana dafa alkama da zuma da gyaɗa a raba wa mutane saboda mamaci. Cocin nasu wani ɗakin taro ne da suke haya a saman shagon kafet, limaminsu ma direban babbar mota ne sauran kwanakin mako. Rodica ta kawo mana a ƙaramin kwano. Ta ce, "Babu abin da ya haramta muku a ciki, na tambaya."

Ta ba Abba ji cokali biyu. Kwanakin nan ba ya gane ni sai ya ga dama, amma yau bakinsa ya buɗe.

"Mu goma sha huɗu ne a gidan Bature, a layin nan," ya ce. "Shekarar da na zo masaƙa. Gado ba ya hucewa. Mai aikin dare ya dawo, mai aikin rana ya tashi ya ba shi wuri. Akwai wani Fazal, mutumin ƙauyenmu, mai waƙa. Hitar kananzir ce a ɗakinsu. Da safe muka taɓa shi, ya riga ya cika." Ya haɗiye alkamar. "Bature ya ce mu ne ƙazamai, ba mu san buɗe taga ba. Mu muka haɗu muka mayar da shi gida a akwati."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Shekarata hamsin da biyu.

Ya dubi kwanon. "Wa ya mutu yanzu?"

Na ce mijin Rodica.

"Namu ne?"

Rodica ta goge masa baki ta ce, "A'a, Abba ji. Ba naku ba ne."

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Jami'ar bincike ta zo, wata Mis Kendrick, doguwa, ta cire takalmi tun ban ce ba. Muka zauna a falo. Rodica tana ɗakin Abba ji tana ba shi miya, ƙofar kuma ba ta rufuwa sosai tun da katakon ya kumbura.

Ta ce hitar gidan tsohuwa ce, bututun fitar da iskarta a toshe. Amma mai gida ya ce ba wanda ya taɓa sanar da shi, ya ce 'yan haya ne suke cusa tsummoki a ramuka saboda sanyi, ga kuma murhu da aka samu. Ta ciro hoto.

"Kin taɓa ganin wannan?"

Na ce irinsu suna da yawa a unguwar nan.

"Misis Rodica ta ce a watan Disamba ta roƙe ki ki rubuta wa ɗan'uwanki game da hitar, saboda Turancinta bai kai ba. Kin rubuta?"

Ina jin ƙarar cokali a kwano daga ɗakin can.

Na ce, "Ban tuna ba. Saƙonni suna da yawa."

Cokalin ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ci gaba.

Mis Kendrick ta bar min kati, ta ce idan na tuna. Abba ji ya shanye miyar duka.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Ta shigo ta ce, "Ina kwana, Doamna Tazeem," wato Malama da yarensu, yadda take kirana a makonta na farko.

Lahadi, 26 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

An yi taron unguwa a zauren masallaci bayan azahar. Kansilanmu a gaba, lauya ɗan Chacha Ghulam mai shago a gefensa, likitoci biyu, duk waɗanda muka tashi tare a layin nan muna tallar jarida. Paa ji yana layi na biyu, kansa a ƙasa, mutane suna zuwa suna riƙe masa hannu.

Shara a lungu. Katifu a bakin titi. Tsayuwa a kusurwa ana fasa 'ya'yan furen rana ana tofar da ɓawo. Kiɗa ranar Lahadi. Darajar gidaje ta faɗi. Wani ya ce, "Iyayenmu da suka zo, aiki suka zo yi." Aka tafa. Na yi tunanin hannayen Neculai.

'Yan Romaniya uku sun tsaya a bakin ƙofa da limaminsu, huluna a hannu. Ba a kira tafinta ba. Limamin ya ɗaga hannu ya ce su ma suna da tambaya. Kansila ya duba agogo ya ce lokacin la'asar ya gabato, a bari sai wani zama.

Wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta miƙe da sandarta. "Ni tambaya ɗaya ce. Gidajen nan da ake cusa su goma-goma, na waye?"

Sai wani ya ce, "Khala, zauna kafin ƙafar ta riƙe." Aka yi dariya, ta zauna.

An zagayo da takardar koke, wai hukuma ta ɗauki mataki a kan baƙin da ke lalata unguwa. Bhabi ta sa hannu ta miƙo min biro. Ba ta ɗauke idonta daga kaina ba.

Sunana yana ƙarƙashin nata.

Talata, 28 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Jiya an fasa gilashin shagon 'yan Romaniya mai sayar da tsiran alade da garin masara. Yau an wayi gari an tsaga tayoyin motoci huɗu a layinmu. Masu wanke mota ba su fito aiki ba, ɗan baffanmu ya ce duk ya kore su, gobe wasu za su zo. Tun magariba samari ke taruwa, namu a wannan bakin titin cikin motoci masu ƙyalli, nasu a wancan bakin a ƙafa. Motar 'yan sanda tana tsakani.

A makaranta yaran Romaniya sun koma cin abinci a tebur ɗaya. Sauran suna wucewa suna ce musu "gawayi". Na ji da kunnena, ludayi yana hannuna. Na ce na gaba ya matso.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Kaina yana ciwo. Na buɗe duk tagogin gidan har Abba ji ya fara tari. Hitarmu sabuwa ce, Paa ji ya sa mana ita shekara biyu da suka wuce. Ba abin da ya same ta.

Alhamis, 30 ga Janairu, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mehwish ta zo daga kyamis ɗin da take aiki, ta kawo min kayan bikina daga wajen tela, kore mai zare na zinariya. Ni na yi mata wankan farko a duniya. Ta sa na gwada, tana zagaya ni tana tafi.

"Phupho, goggona, wallahi za ki ƙwace min ango! A ranar ki zauna a baya don Allah."

Na yi dariya. Ban san akwai sauran dariya a cikina ba.

Sai ta ciro kwali daga jaka. Sabuwar waya daga babanta. "Abbu ya ce kyautar biki ce. Ya ce ki ba ni tsohuwar in kai shago a kwashe miki hotuna."

Ba ta san komai ba. Fuskarta fes.

Na ce na manta ta a wurin aiki. Tana aljihuna, tana taɓa min cinya.

Da za ta fita suka haɗu da Rodica a zaure. Mehwish ta rungume ta ta ce ta yi haƙuri, ta ce idan tana buƙatar maganin barci ta zo kyamis. Rodica ta ce ta gode, Allah ya sa a yi biki lafiya. Da gaske ta faɗa. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe uku na yamma

Sa'a ɗaya a mako ake barin Rodica ta ga 'yarta, a wani ɗaki mai kayan wasa, da ma'aikaciya a kusurwa tana rubutu. Daga can ta wuce nan, ko da yake yau ba ranar aikinta ba ce. Ta ɗauki mataji ta zauna tana taje wa Abba ji gemu. Shi take yi wa magana. Ina tsaye da tire.

"Sun yanke mata gashi, Abba ji. Wai ya yi tsawo, ba su iya kitsa shi ba. Babanta bai taɓa barin almakashi ya taɓa shi ba."

Abba ji ya ce, "Hmm."

"Ta ce abincinsu ba gishiri. Ta ce in kawo mata tuwon masara da cuku, an ce ba a shiga da abinci. Ta tambaye ni ko Tata, babanta, yana jin sanyi inda suka ajiye shi."

"Hmm."

"Ta faɗa musu babu murhu a gidanmu. Sau uku ta faɗa. Sun rubuta cewa yarinya tana kare iyayenta." Ta gyara masa gefen gemun. "Laraba za mu je gaban alƙali. Idan ya ce sakacinmu ne, za ta kai wata shida a can. Ko shekara. Ko ta manta yarenmu."

Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙe ni, da na samu abin faɗa.

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na buɗe saƙon nan a tsohuwar wayata. Tara ga Disamba.

Ni: "Paa ji, Rodica ta ce wutar hitarsu ta koma rawaya, bangon ya yi baƙi, duk gidan suna tashi da ciwon kai. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ta san alamar. Don Allah ka aiko mai gyara."

Shi da murya ya amsa, ana jin Bhabi a baya tana ciniki da mai kayan ado: "Haba Tazeem, yaushe kika zama kansilar Romaniyawa? Su buɗe taga mana. Bayan biki."

A ƙarƙashinsa akwai amsata. Fuskar nan mai dariya har da hawaye. Guda biyu na tura.

Wannan ne ban so kowa ya gani ba. Duk kwanakin nan ina cewa Paa ji nake karewa.

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Ban je aiki ba. Na hau bas zuwa tsakiyar gari da katin a hannuna. Na wuce ƙofar ofishin sau biyu kafin in shiga.

Mis Kendrick ta saurari muryar, ta sake saurara, ba ta ce komai game da fuskokin ba. Ta sa wayar a leda. Ta sake ciro hoton. Na ce ni na ɗaure ƙafar nan da waya, shekara uku da suka wuce, ranar da ta karye muna gasa hanta.

Ta tambaye ni abin da na gani ta tagar kicin ranar Lahadi. Wannan ba zan rubuta shi a nan ba. Ita ta rubuta, na sa hannu.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da wanda na gani ɗauke da murhun a lungun.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa wa Rodica a kicin. Tana wanke kofin Abba ji, ba ta juyo ba sai da ta ɗauraye shi ta kife.

Na ce, "Ki yafe min."

Ta goge hannu a tsumma. "Ina zaune kusa da ke ranar da kika rubuta shi, Doamna. Na ga kin tura. Na ji amsar. Na ga abin da kika mayar masa." Ta rataye tsumman. "Kullum da safe idan na shigo gidan nan ina cewa, yau ne. In wanke mahaifinki, in ce, gobe ne."

Na ce tsoro nake ji.

"Na sani. Ke kina da abin da za a ƙwace miki. Shi ya sa na jira." Ta ɗauki jakarta. "Kwana ashirin da uku. Ilinca tana ƙirgawa a bango da fensir, matar gidan ta yi mata faɗa."

A bakin ƙofa ta ce kada in ba Abba ji ƙwayar yamma sai ya ci wani abu.

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Alƙali ya ce a mayar da yarinya cikin kwana goma. 'Yan cocinsu sun samo musu ɗaki.

An ɗauki Paa ji ranar Alhamis da safe a gaban maƙwabta, an sake shi da yamma, za a sake kiransa. Jiya dangin ango suka aiko cewa a ɗage biki sai abubuwa sun lafa. Kowa ya san ma'anar wannan.

Bhabi ta zo ba ta shigo ba. A kan titi ta tsaya don kowa ya ji.

"Saboda 'yar wanke kashi! Jininki kika sayar saboda 'yar wanke kashi! Shekara ashirin muna ciyar da ke. Allah ya isa tsakanina da ke, Tazeem."

Labule ya motsa a kowane gida. Ba wanda ya fito.

Na kira Mehwish da sabuwar wayar. Tana ƙara har ta katse.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe biyu da rabi na rana

A kicin ɗin makaranta yanzu ba mai dafa min kafaɗa. Chacha Ghulam ya miƙo min canji yana kallon wanda ke bayana. Wani ya turo kashin kare ta ramin wasiƙu. Ban san ko namu ba ne ko nasu.

Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Da yau ne bikin Mehwish.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe takwas da kwata na safe

An ba su gawar ranar Litinin. Yau suka tafi da ita, a farar mota mai lambar ƙasarsu, kwana biyu a hanya. Rodica ta sa direban ya tsaya a ƙofarmu. Ta shigo da Ilinca, gashinta iya kunne, ta ƙara tsawo.

Rodica ta durƙusa gaban Abba ji ta sumbaci hannunsa. Ya dafa kan yarinyar ya ce, "Gida za ku kai shi?" Ta ce e. Ya ce, "Kun kyauta. Kada a bar mutum a ƙasar nan shi kaɗai."

Ta ba ni takarda, ta rubuta yadda ake juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da zane-zane. Na tambaye ta ko za ta dawo. Ta ce ba ta sani ba. Na miƙa hannu, ta karɓa, ta riƙe kaɗan, ta sake. Ilinca ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ina ganin an faɗa mata, ko kuma ba sai an faɗa ba.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Motar Paa ji tana ƙofar gida tun ƙarfe huɗu saura. Yana ciki shi kaɗai, hannayensa biyu a kan sitiyari. Bai fito ba, bai tafi ba. Akwai doguwar ambulan a kan kujerar gefensa, ina hango farinta daga nan. Gidan nan da sunansa yake, yana kuma da makullinsa.

Abba ji yana tambaya wa ke waje.

Na ce masa ɗanka ne. Ya ce to me yake jira, a buɗe masa mana, ana sanyi.

Zan je in buɗe.